Gyaran Harshen Sanarwar Neman Ma'aikatan Gwamnati

Gabatarwa

A sassan Hausa na jami'o'in ƙasar nan ana nazarin waƙa da zube da wasan kwaikwayo, ana feɗe su ana baje kolin salonsu da jigonsu. Amma akwai wani ɗan gajeren rubutu da ba a cika waiwayarsa ba, alhali kuwa shi ne wanda ɗalibi zai fi ƙura wa ido tun daga ranar da ya tuɓe kakin bautar ƙasa. Wannan rubutu shi ne sanarwar da gwamnati kan bayar idan tana neman ma'aikata. Sau da yawa ba ta wuce rabin shafin jarida, amma ta ƙofarta ake shigo da malamin da zai koyar da yara, da ungozomar da za ta karɓi haihuwa, da akawun da zai riƙe dukiyar jama'a.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa rubuta irin wannan sanarwa aiki ne mai buƙatar gwaninta, kuma yadda ake rubuta ta a yau yakan kori wanda ya dace, ya tara waɗanda ba su san abin da suka zo nema ba. Za a kawo abubuwan da ya kamata sanarwa ta ƙunsa kafin ta ja hankalin mutumin kirki, sa'an nan a nuna rabon da masu nazarin Hausa ke da shi cikin wannan gyara.

Waiwaye

Da can gwamnati ce ke neman mutane, ba mutane ke neman ta ba. Lokacin da Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, mafi yawan manyan kujerun aiki suna hannun Turawa, na tsakiya kuwa suna hannun mutanen Kudu. Sai gwamnatin ta ɗauki manufar mayar da aikin hannun 'yan Arewa, watau idan akwai ɗan Arewa da ya cancanta shi za a fara ba, idan babu sai a ɗauki wani bisa kwantaragi kafin a samu. Don cimma wannan buri aka ƙarfafa makarantar koyon sha'anin mulki ta Zariya, shugabanni kuma suka riƙa zagaya makarantu da kansu suna kwaɗaita wa samari shiga aikin gwamnati da aikin soja. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a watan Janairu na 1939, ita ce ke kai labarin hukuma ga talaka cikin harshen da yake ji, Rediyon Kaduna kuma ya zo ya tallafa mata daga 1962.

A wancan zamani aikin gwamnati shi ke tallar kansa, domin akwai daraja, akwai tabbacin cewa ba a korar mutum haka siddan, akwai kuma fensho a ƙarshe. Kwamitin Udoji, wanda aka kafa a 1972 ya miƙa rahotonsa a 1974, ya tsara albashi bisa matakai daga 01 zuwa 17, ya kuma kawo ƙarin da har yau dattawa ke labarinsa. Amma a 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata fiye da 10,000, tabbacin nan na zama daram a kan aiki ya girgiza. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 kuma ya karya darajar Naira, albashi ya zama ba ya kai ma'aikaci ƙarshen wata. Tun daga nan kiɗa ya sauya, amma rawar masu rubuta sanarwa ba ta sauya ba. Har yanzu suna rubutu kamar wanda ke raba alfarma.

Yadda Ake Rubuta Ta a Yau

Duk wanda ya saba karanta irin waɗannan sanarwoyi zai ga kusan zubinsu ɗaya ne. Akan buɗe da cewa ana gayyatar takardun neman aiki daga waɗanda suka cancanta. Sai a jero sunayen muƙamai da matakan albashi, a bi su da takardun shaidar da ake buƙata, da iyakar shekarun haihuwa, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, da ta kammala bautar ƙasa. A rufe da gargaɗi cewa waɗanda aka zaɓa kaɗai za a tuntuɓa. Daga farko har ƙarshe abin da ake so daga mai nema kawai aka faɗa, babu ko layi ɗaya game da abin da shi zai samu, ko abin da zai riƙa yi idan ya tashi da safe ya je wurin aiki.

A ɗauki maganar albashi. Rubuta mataki na 08 bayani ne ga wanda ya riga ya shiga ofis, amma ga yaron da ya fito daga jami'a lamba ce kurum. Bai san nawa za ta zama a hannunsa ba bayan an cire haraji da kason fensho. Haka nan ba a faɗa masa a wane gari za a ajiye shi ba, ko guraben nawa ne, ko yaushe za a yi jarrabawa, ko wa zai tambaya idan wani abu ya shige masa duhu. Mutumin da ke da wata hanyar cin abinci, kamar likita ko injiniya ko gwanin kwamfuta, idan ya karanta wannan sai ya kaɗa kai ya wuce, domin kamfani mai zaman kansa ko asibitin wata ƙasa ya riga ya faɗa masa komai dalla-dalla. Wanda ba shi da zaɓi kuwa zai cika takarda ko da me aka rubuta.

Ko Akwai Buƙatar Jan Hankali?

Mai karatu zai iya cewa wannan magana ɓata tawada ce. Ƙasar da matasa suka yi wa aikin gwamnati layi, me za a yi da sanarwa mai jan hankali? Ai ko a bangon makewayi aka manna ta dubbai za su zo. Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma akwai abin da ke goya mata baya. A 2020, da aka buɗe ɗaukar rukuni na uku na shirin N-Power, mutanen da suka nema sun haura miliyan 5.

Sai dai taron tsintsiya ba shi ne shara ba. Abin da ya faru ranar Asabar 15 ga Maris, 2014, ya isa misali. Hukumar Shige da Fice tana da guraben da ba su kai 5,000 ba, aka karɓi Naira 1,000 daga kowane mai nema, aka tara ɗaruruwan dubban matasa a filayen wasa a rana ɗaya don jarrabawa. Turmutsitsin da ya biyo baya a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin ya ci rayukan mutum aƙalla 16. Babu mai cewa lafazin sanarwa ne ya kashe su, domin laifin na tsari ne da sakaci. Amma da an faɗa wa jama'a yawan guraben ƙarara, aka zayyana irin aikin da sharuɗɗansa, aka tace masu nema tun a takarda kafin a kira kowa fili, da taron bai kai haka ba.

Misali na biyu yana Jihar Kaduna. A 2017 gwamnatin jihar ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 sun faɗi, ta sallame su, ta yi shelar ɗaukar sababbi 25,000. Jama'a suka yi tururuwa. Amma a 2018 sai ga shi an sake sallamar fiye da 4,000 daga cikin sababbin, bisa cewa su ma ba su cancanta ba. Ashe cikar fili da masu nema bai lamunce samun malami ba.

Ga kuma ɗaya gefen. Yayin da ake kokawa a ƙofar hukumomin da ake ganin akwai maiƙo, irin su Babban Banki da Kwastan, akwai ɗakunan shan magani na ƙauye da ba su da ungozoma, akwai makarantun da malamin lissafi ko na kimiyya ya gagare su, likitoci da ma'aikatan jinya kuma suna ta ficewa zuwa Ingila da Saudiyya. Don haka gwamnati tana fama da yawa a wani wuri, da rashi a wani wuri. Sanarwa mai kyau tana maganin duka biyu, domin tana sa wanda bai dace ba ya janye da kansa, wanda ya dace kuma ya ji cewa da shi ake.

Abin da Ya Kamata Sanarwa Ta Ƙunsa

Na farko, ta faɗi aikin da amfaninsa ga jama'a tun a layin farko. Wannan ita ce babbar hajar da gwamnati ke da ita wadda ɗan kasuwa ba shi da ita. A gwada waɗannan biyu. Ta farko ta ce ana neman jami'ar lafiya mai mataki kaza. Ta biyu ta ce ana neman ungozoma wadda za ta kula da masu juna biyu na ƙauyuka kaza, inda a yanzu mace mai naƙuda sai an ɗora ta a babur an yi tafiya mai nisa kafin ta ga ma'aikaciyar lafiya. Muƙami ɗaya ne, amma ta biyu ta sa yarinyar da ta gama makarantar ungozoma ta hango matan da ke jiran ta. Haka malamin gona zai so a gaya masa manoma nawa zai yi wa hidima, malamin makaranta kuma aji nawa zai riƙe.

Na biyu, ta faɗi lada a fili cikin Naira. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2024 ta ɗaga shi zuwa Naira 70,000 daga 30,000 na 2019, kuma kowa ya san wannan. To, me zai hana a rubuta abin da kowane mataki ke karɓa? Akwai ma alherai na gaskiya da sanarwoyi ke mantawa da su. Dokar fensho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba kashi 10. Dokar 2022 ta ƙara wa malaman makaranta wa'adin aiki zuwa shekara 65 na haihuwa ko 40 na aiki. Akwai hutun ƙaro ilmi, akwai hanyar ci gaba daga mataki zuwa mataki. Duk inda waɗannan ke aiki da gaske ya kamata a ambace su, domin su ne mai hangen nesa ke dubawa.

Na uku, kada ta ɓoye wahala. Zuma da zaƙi, amma da harbi. Idan garin ba shi da wutar lantarki, ko hanya takan yanke da damina, ko babu gidan ma'aikata, a faɗa. Wanda ya zo bayan ya ji wannan zai zauna, wanda aka yaudara kuwa wata uku ya isa ya fara bin ofisoshi yana neman canjin wurin aiki zuwa birni. Shirin tura ungozomomi karkara da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2009 ya nuna haka. Mata da yawa sun amsa kira, amma jinkirin biyan alawus, musamman kason jihohi da ƙananan hukumomi, da rashin masauki mai kyau, sun sa wasu suka bar wuraren da aka kai su. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma alkawarin da aka buga a jarida aka kasa cikawa yakan ɓata sanarwar shekara mai zuwa tun kafin a rubuta ta.

Na huɗu, ta bayyana hanya daga farko har ƙarshe: guraben nawa ne, ranar buɗewa da ta rufewa, irin jarrabawar da za a yi, lokacin da za a fitar da sakamako, da ofishin da za a kai tambaya. Lalle ne kuma ta faɗa da manyan baƙaƙe cewa ba a biyan ko kwabo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk abin da sanarwa ta bari cikin duhu, ɗan damfara zai cike shi da shafin intanet na bogi, ko da saƙon WhatsApp mai cewa yana da hanya.

Na biyar, ta rage sharuɗɗan da ba su da alaƙa da aikin. Sau da yawa akan kwafo tsohuwar sanarwa a sauya kwanan wata kawai, har a nemi digiri a wurin da difloma ta wadatar, ko a ƙayyade shekarun haihuwa yadda wanda yajin aikin jami'o'i ya cinye wa shekaru zai tarar ƙofa ta rufe. Bugu da ƙari, dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin hukumomin gwamnati. Layi ɗaya da ke cewa ana maraba da su, da kuma mata, yana iya fito da wanda ya riga ya yanke ƙauna. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Batun Harshe

A nan ne maganar ta iso ƙofar Sashen Hausa. Kusan dukkan sanarwoyin nan da Turanci ake yin su, Turancin ma irin na fayil, wanda ko mai digiri sai ya karanta sau biyu. Ana iya cewa ai wanda zai yi aikin ofis dole ya ji Turanci. Gaskiya ne ga wasu muƙamai. Amma direba, da mai gadi, da masinja, da ma'aikacin daji, da mai allurar rigakafi, da malamin Arabiyya da ya yi karatunsa a makarantar Islamiyya, duk gwamnati na ɗaukar su. Ban da haka, a ƙasar Hausa ba mai nema kaɗai ke yanke shawara ba. Yarinyar da za a tura asibitin ƙauye sai uba ko miji ya yarda, kuma wataƙila a rediyo kaɗai zai ji bayanin da zai kwantar masa da hankali.

Akwai kuma hujja ta doka. Sashe na 14(3) na Tsarin Mulkin 1999, kamar na 1979 da ya gabace shi, ya wajabta a dama da kowane ɓangare na ƙasa cikin aikin gwamnati. Hukumar Raba Daidai, wadda aka kafa da doka a 1996, ta tsara cewa kowace jiha ta sami tsakanin kashi 2.5 da kashi 3 cikin ɗari na ma'aikatan tarayya, kuma a buga guraben a jaridu biyu na ƙasa, a ba da mako shida don nema. To, jaridar Turanci da ake sayarwa a manyan birane kwafi nawa ke isa Illela ko Maigatari ko Gaidam? Idan labari bai isa wuri ba, mutanen wurin ba za su nema ba, daga baya kuma a ce ba su da waɗanda suka cancanta. Buga sanarwa da Hausa, da karanta ta a gidajen rediyo, da manna ta a sakatariyar ƙaramar hukuma, hanya ce ta cika abin da Tsarin Mulki ya yi umurni. Haka ya kamata a yi da Yarbanci da Ibo da Barbarci da Fulatanci a inda ake jin su.

Sai dai fassarar ma sai an iya. Wanda ya bi Turancin kalma bayan kalma zai fito da abin da Bahaushe zai ji kamar da Hausa ake magana amma bai gane ba. Bahaushe yana da nasa tsarin shela tun kafin zuwan jarida. Mai yekuwar sarki yakan fara da neman a saurara, ya faɗi wanda ya aiko shi, ya faɗi saƙon cikin gajerun jimloli, ya maimaita rana da wuri, ya rufe da cewa wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Wannan zubi ya dace da sanarwar aiki ƙwarai, musamman wadda za a karanta a rediyo, inda mai sauraro ba shi da damar komawa baya. Ana kuma buƙatar daidaita kalmomi, don kada a kira muƙami ɗaya da suna uku a jihohi uku. Wannan aiki ne da malamai da ɗaliban fassara za su iya ɗauka, ko a matsayin darasi a aji, ko kundin kammala digiri, ko haɗin gwiwa da hukumomin ɗaukar ma'aikata na jihohi. Ɗalibin da ya iya mayar da shafi guda na Turancin ofis zuwa layi goma na Hausa mai daɗin ji ya riƙe sana'ar da za ta ci da shi.

Iyakar Abin da Alƙalami Zai Iya

Duk da haka, kada a ɗora wa rubutu abin da ya fi ƙarfinsa. Babbar cutar da ke damun ɗaukar ma'aikata a ƙasar nan ita ce yawancin guraben masu tsoka ba a ma sanar da su. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya binciki zargin sayar da guraben aiki, inda ta fito fili cewa hukumomi da dama kan nemi izinin ɗaukar ma'aikata ba tare da bugawa a jarida ba, a raba guraben a ɓoye. Matasa sun san wannan, shi ya sa da yawa daga masu ƙwazo ba su damu da karanta sanarwa ba, sun ɗauka an riga an gama rabo. Babu irin daɗin bakin da zai wanke wannan zato, sai an ga ɗan talaka ya nema ya samu bisa cancanta.

Amma ko a nan sanarwa mai kyau tana da amfani, domin takarda ce da za a iya riƙe hukuma da ita. Wadda ta ce guraben 200 ne, za a yi jarrabawa ran kaza, za a buga sunayen waɗanda suka ci jiha jiha, ta ɗaure kanta a gaban jama'a, ɗan jarida da ɗan majalisa suna da abin tambaya. Wadda ta ce akwai gurabe da dama kuwa ta bar wa kanta ƙofar baya. Saboda haka neman a fayyace sanarwa wani ɓangare ne na neman a yi gaskiya a ɗaukar aiki.

Kammalawa

An nuna cewa sanarwar neman ma'aikata ta tsaya a zubin zamanin da aikin gwamnati ke tallar kansa, alhali zamanin ya wuce. An nuna cewa yawan masu nema bai hana gwamnati rasa ungozoma da malamin kimiyya ba, kuma sanarwar da za ta jawo su ita ce wadda ta faɗi aikin da amfaninsa, da ladansa, da wahalarsa, da hanyar samunsa, cikin harshen da mai nema da iyayensa ke ji. Abin da ya rage shi ne hukumomin ɗaukar ma'aikata su daina ɗaukar wannan rubutu a matsayin aikin da ake miƙa wa ƙaramin akawu ya kwafo daga tsohon fayil. Sassan Hausa kuma su sa shi cikin darussan fassara da rubutun hukuma, su tattara sanarwoyin da ake bugawa su yi musu nazari kamar yadda suke yi wa sauran rubuce-rubuce. Ɗaliban da ke zaune a aji yau su ne masu karanta sanarwar gobe, wasunsu kuma su ne za su zauna a ofis su rubuta ta jibi.